Rijiyoyin Gaba Biyar

Tsofaffin Zangon Kumasi suna da wata magana da suke yi wa duk wanda ya tashi haƙa rijiya a gidansa. Sukan ce da shi: ranar da aka iske ruwa, kada ka dubi ruwan, dubi maƙogwaron mahaƙin. Yaran yanzu sukan ji su yi dariya, domin ba su san mafarin maganar ba. Mafarinta wani mutum ne mai suna Bawah, da abin da ya aikata tsakanin shekarar 1969 da ta 1970. Allah ya kiyashe mu da irin ƙarshensa.

Ƙasar Kumasi tudu ce da kwari, kuma ba ta ba da ruwa a zurfi ɗaya. Mahaƙa suna auna zurfi da gaba, wato tsawon hannuwan mutum biyu idan ya miƙe su, suna yi wa igiya ƙulli a kowace gaba. A kwari, kusa da rafi, gaba uku ko huɗu sun isa, sai dai ruwan yana ɗanɗanon laka, gefen ramin kuma ba ya jimrin damina. A gangare sai an kai takwas zuwa goma. A kan tudu kuwa mutum yakan yi goma sha biyu, ya yi sha huɗu, wani lokaci ya ƙare a kan baƙin dutse hannu wofi. Ƙasar kuma tana da tsarinta da ba ta saɓawa: baƙar ƙasa a sama, sai ja, sai marmara mai cin bakin diga, sai yumɓu, sa'an nan ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali, wanda a cikinsa ruwa yake kwance. Marmara ba ta taɓa shayar da kowa ba.

Wanda ya fi kowa sanin wannan a Zango shi ne Boukari, tsoho mutumin ƙasar Nijar, wanda ya shigo Kumasi da ƙafa shekara arba'in kafin wannan labari. Yakan ɗebi ƙasar da guga ya fito da ita, ya ɗora a harshe, ya ce saura gaba kaza, kuma ba a taɓa jin ya kuskure ba. Aibinsa ɗaya ne: harshen nan da ya san ƙasa bai san tausasa magana ba. Bawah kuwa ɗan arewacin Gana ne, ƙaƙƙarfa, mai dogon buri. Shekara goma sha biyu ya yi a ƙarƙashin Boukari, yana jan guga, daga baya yana shiga rami, kuma har ya yi aure ya haifi 'ya, tsohon bai daina kiransa Jan-guga ba.

Mahaƙan suna da al'ada wadda ba su wasa da ita. Idan ruwa ya ɓullo, ƙwaryar farko ta mahaƙi ce. Shi zai sha a gaban mai gida, don a shaida cewa bai haƙa wa mutane abin da shi ba zai sha ba. Rana ɗaya tak ake sauya wannan: ranar da yaron sana'a ya haƙa rijiyarsa ta farko shi kaɗai, yakan kai wa maigidansa ruwan, maigidan ya sha, ya sa masa albarka, ya 'yanta shi.

A tsakiyar ranin 1969 wani falken goro ya nemi rijiya a gidansa da ke ƙolin tudun Moshi Zango. Boukari ya zaga wurin, ya ce dutse ne a ƙasa, ya ƙi aikin. Bawah ya koma ta bayan fage ya karɓa. Kwana arba'in yana haƙa. A gaba ta goma sha huɗu dagi, wato sandar ƙarfen da ake sarar ƙasa da ita, ya fara fitar da tartsatsi. Ko danshi babu.

Boukari ya zo da hantsi, mutane cike da ƙofar gidan. Ya sa aka miƙo masa ƙasar ƙarshen ramin, ya lasa, ya tofar.

"Jan-guga," in ji shi, "shekara goma sha biyu kana cin tuwona, ashe ƙasa ce kaɗai ba ka taɓa ɗanɗanawa ba." Ya juya wajen falken. "Maigida, kada ka cike ramin nan, ba ka yi asara ba. Gaba goma sha huɗu, a bushe ƙayau! Ka samu salga har ta jikokin jikokinka."

Dariyar da aka yi ranar ta bi Bawah har gida. Kafin mako ya zagayo sunansa ya koma Bawah Mai Salga. Matarsa Safura ta daina zuwa famfo da safe, domin mata suna tambayarta ko mijinta yana da sauran rami na haya. Shi kuwa ya daina magana. Yana cin abinci dariyar tana kunnensa, yana salla tana kunnensa. Abu biyu suka cika masa zuciya har suka zama ɗaya: ya yi arzikin da Zango bai taɓa gani ba, ya kuma ga bayan harshen Boukari.

Wani maƙeri a Magazin na Suame, unguwar maƙera da makanikai, wanda yake wasa masa dagi, shi ya yi masa kwatancen wani boka. Ya ce ya tafi da ƙasar busasshen raminsa, da guntun igiyar maigidansa, da daginsa, kuma ya isa rana tsaka.

Wurin yana bayan gari, cikin wata gonar koko da aka yi watsi da ita, inda mutanen zamanin da can suka haƙa ramukan zinariya. Tun daga nesa kukan tsuntsaye ya ɗauke. A bakin ramin da ya fi girma wata matacciyar bishiya take tsaye, ba ganye ba ɓawo, an rataye mata kwalabe ta wuya da zaren baƙi, sun fi ɗari, kowace cike da ruwa garau. Babu iska, amma kwalaben suna taɓa juna a hankali. A ƙarƙashinsu akwai tulu a kife, da guga na ɗanyar fata wanda ƙudaje suka ƙi sauka a kansa, da busassun kwaɗi a jere, bakunansu a buɗe. Bokan yana zaune a tsakiyarsu, tsoho ne ƙanjamamme, leɓunansa a tsattsage kamar gindin tafki a rani.

"Ajiye butarka can baya," in ji shi. "Ruwan alwala ba ya shigowa nan."

Bawah ya ajiye ta. Wannan shi ne ciniki na farko, bai ma san ya yi shi ba.

"Me kake so?"

"Ruwa. Duk inda na sari ƙasa, tudu ko kwari."

"A gaba nawa?"

Bawah ya tuna goma sha huɗun nan. "Biyar."

Bokan ya yi wata dariya marar sauti. "Ƙasa ba ta da ruwa a gaba biyar a kan tudu. Kai ma ka sani."

"Da tana da shi da ban zo wurinka ba."

"To, za ka samu. Kwana uku, gaba biyar, ko a kan dutse ne. Amma ƙwaryar farko ta kowace rijiya ta Mai Ramin nan ce." Ya nuna baƙin ramin da haɓarsa. "Shi kuwa ba shi da baki. Da bakin ɗan Adam yake sha. Kowace rijiya, baki ɗaya, kafin rana ta faɗi sau uku."

"Wanda ya sha, me zai same shi?"

"Kai mahaƙi ne. Ka taɓa ganin wuri ya cika ba tare da wani wuri ya ragu ba?"

Bawah ya ɗaga kai ya dubi kwalaben, ya fahimta sarai. Ba za a ce an yaudare shi ba. Ƙafarsa ta so juyawa, sai dariyar Moshi Zango ta sake tashi a kunnensa.

"Ina da bakin da zan fara da shi," ya ce.

"Na ga igiyarsa a hannunka. Bayan shi fa?"

"Duniya cike take da bakuna."

"Haka duk suke cewa," in ji bokan.

Ya ƙona guntun igiyar, ya kwaɓa tokar da busasshiyar ƙasar da yawunsa, ya shafe bakin dagin da ita, ya ɗora ragowar a harshen Bawah. Ya umurce shi da kada ya ambaci sunan Allah a saran farko. Da Bawah ya juya zai tafi, sai ya ji muryar a bayansa: "Idan ka rasa baki, kada ka damu. Ruwa ya san hanyar gangare." Bawah bai tsaya tambayar ma'anar wannan ba, kuma a nan farashin yake.

A ƙarshen damina, cikin watan Sha'aban, ya roƙi maƙwabcin falken nan ya bar shi ya haƙa masa rijiya kyauta, taku goma daga busasshen ramin. Mutane suka taru don su sake dariya. Ƙasa ta yi ta buɗewa kamar ana yankan tuwo. A rana ta uku, ƙulli na biyar yana taɓa bakin rami, ruwa ya tsattsafo daga tsakiyar marmara, fari tas. Aka yi ta kabbara. Bawah ya cika ƙwarya, ya rufe da faifai, ya nufi gidan Boukari kamar yadda al'ada ta ce, jama'a na yaba ladabinsa.

Ya iske tsohon a zaure yana gyaran igiya, matarsa Mamuna tana tsince shinkafa a bakin ƙofar ciki. Bawah ya durƙusa.

"Masta, ruwan farkona."

Idanun tsohon suka kawo ƙwalla. "Ei, Bawah," ya ce, kuma ranar ce ya fara kiransa da sunansa. "Na yi maka kaushin baki, ɗana. Haka aka koya mini, haka na koyar. Allah ya yi maka albarka." Ya yi bisimilla, ya kafa kai, ya sha har rabi. Sai ya tsaya. Ya riƙe kurɓin ƙarshe a baki, fuskarsa tana sauyawa.

"Gaba nawa?"

"Biyar."

"A tudun nan?"

"A tudun nan."

"Ruwan kwari laka yake yi, na gangare ƙarfe-ƙarfe. Wannan bai taɓa kwana a ƙasa ba. Gishiri-gishiri yake, kamar hawaye." Muryarsa ta yi ƙasa. "Bawah, ruwan wa ka ba ni?"

Bawah ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa. "Shekara arba'in kana ɗanɗana ƙasa, Masta. Ɗanɗana wannan ma, ka tara mutane ka gaya musu."

Ƙishirwa ta kama Boukari tun a yammacin ranar. Yakan sha tulu guda ya tashi kamar bai sha ba. Azumi ya kama yana cikin wannan hali, ya ƙi ajiye shi, harshensa ya tsage, fatarsa ta manne da ƙashi. A wannan makon ne kuma rijiyar tudu, wadda ta fara da tsattsafe, ta cika har ana ɗiba da hannu.

Cikin azumin ne gwamnati ta fitar da dokar da ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Zango ya rikice. Mutanen da aka haife su a Kumasi suka wayi gari suna ɗaure kaya zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Aka ɗora Boukari a bayan lori a kwance. Mamuna 'yar Salaga ce, a nan ƙasar Gana, dokar ba ta shafe ta ba, amma ta bi mijinta. Bai ko kai Tamale ba rai ya yi halinsa. Ta sa aka tsaya, aka binne shi a gefen hanya, kuma mutum biyun da suka ɗauki gawar sun ce ba ta fi nauyin busasshen kara ba. Mamuna ta juyo Kumasi ita kaɗai, ta iske Bawah ya riga ya saye gidan mijinta a wulaƙance daga hannun dangin da suke gaggawar tafiya. Ta kama ɗaki a gidan wata ƙawarta, ta yi takaba, ta ci gaba da aikin da aka san ta da shi, wato wankan gawar mata.

Arziki ya buɗe wa Bawah. Gidaje sun sauya hannu, sababbin masu gidajen suna son rijiya, famfo kuma yau akwai gobe babu. Wa zai jira wata biyu alhali ga mai yi a kwana uku? Ya ɗauki ma'aikata ƙungiya huɗu, amma saran farko da ƙwaryar farko bai taɓa bar wa kowa ba. Ya sayi lori, ya rufa gidan da sabon kwano, ya cika wa Safura akwati da atamfa. Waɗanda suka kira shi Mai Salga suka koma suna ce masa Masta. Idan mai gida ya miƙa masa ƙwaryar farko, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya yi alwashi, ruwan farkonsa na matafiya ne. Yakan juye shi a kwalba, ya tafi tashar da korarrun suke zube da 'ya'yansu suna jiran mota, ya zaɓi wanda lorinsa zai tashi gobe, ya miƙa masa a lokacin buɗa-baki. Suna karɓa da hannu biyu suna yi masa addu'a. Wanda ya mutu a hanyar Bolga ko bayan iyaka, wa zai ce ruwan Kumasi ne?

Abu ɗaya ya ƙi shi. Rijiyar da ke tsakar gidan Boukari, mai gaba goma sha ɗaya, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba, ta ƙafe ranar da ya tare. Bai kuskura ya haƙa wata a gidansa ba. Matar mai rijiyoyi ta koma bin layin famfo da bokiti.

Bayan babbar salla tashar ta zama wofi. Waɗanda za su tafi sun tafi. Bawah ya fara laluben bakuna a kusa, ya ba wani ɗan dako a kasuwa, ya ba wani mai gadi, kuma mutuwarsu ta jawo ƙus-ƙus, domin a cikin gari suka bushe, a idon mutane. Sai aka zo wata rijiya a unguwar Bantama da ya rasa wanda zai ba. Ya zubar da ruwan a bayan gida, gari ya waye ya iske kwalbar a cike. Ya jefa ta a rafi, ya dawo ya same ta a ƙarƙashin gadonsa. A rana ta uku ya fita neman baki tun da safe.

Famfo ya kwana huɗu bai kawo ba. 'Yarsu Habsa, mai shekara shida, ta dawo daga makaranta da azahar tana kukan ƙishirwa, randa kuwa babu ko ɗigo. Safura tana shara ta ga kwalba a ƙarƙashin gado, ruwa garau, har da sanyinsa. Ta yi hamdala, ta zuba wa 'yarta da hannunta.

Kwana tara yarinyar ta yi. An kai ta asibiti, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ana ƙara mata ruwa yana ɓacewa kamar ana zuba wa rairayi. Kalmar da ta mutu da ita a baki ita ce, "Baba, ruwa."

Mamuna aka kira wanka. Da ta ɗaga gawar ta ji rashin nauyin nan, ta ga tsagaggen harshen nan, sai hannunta ya tsaya. Safura tana zaune a lungu, idanunta a bushe.

"Mma, ni na ba ta," ta ce. "Ruwan kwalbar Babanta. Mai sanyi sosai paa. Ni na ba ta."

Daga ranar hankalin Safura bai dawo ba. Ta ɗauki guga ta shiga gari, duk ramin da ta gani, ko kwata ce, sai ta zura shi tana kiran Habsa ta kama igiya.

Bawah ya sallami ma'aikatansa, ya jingine dagi, ya ce ya bar haƙa. Yana tsammanin in ba rijiya, ba ƙwarya, shi ke nan an rabu.

Mamuna ta bar arba'in ɗin Habsa ta wuce. Sa'an nan ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da tasoshin aurenta, ta tafi wurin liman da dattawan unguwa. Ta ce tana so a haƙa rijiya a harabar masallaci, sadaka mai gudana ga mijinta. "Kuma wa ya cancanci haƙa ta," in ji ta, "in ba ɗansa na sana'a ba, wanda ya sa wa albarka, wanda yake kwana a ɗakinsa?" Dattawa suka ga kyan maganar, suka ƙara da cewa ranar da aka gama za a naɗa Bawah sarkin mahaƙan Zango. Bawah ya auna. In ya ƙi, masu ƙus-ƙus sun samu hujja. In ya yarda, ga sarauta. Ya ce a ransa kwalba ɗaya ce, ga lori, zai kai ta wani ƙauye mai nisa. Ko mutuwar 'yarsa ba ta kashe kwaɗayin ba, ta dai kwantar da shi ne.

Ya yi saran farko ranar Laraba. Mamuna ta shimfiɗa tabarma a bakin ramin, da carbinta da wani ƙunshi a cinya, ba ta gusa ba sai don salla. Ranar Juma'a, ana sallame salla, ƙulli na biyar ya taɓa baki, ruwa ya ɓullo. Masallaci kaf ya juyo kan rijiyar. Bawah ya fito daga rami yana laluben kwalbarsa, sai ya ga Mamuna ta kwance ƙunshin. Ƙwaryar Boukari ce, wadda ya sha da ita ranar nan. Ta karɓi guga da kanta, ta cika ta, ta miƙa masa.

"Bisimilla, Masta."

"Mma, kin san alwashina. Ruwan farkona na matafiya ne."

"Matafiyan sun ƙare, Bawah. Sun tafi. Wasu ma ba su isa ba."

Bawah ya ja da baya. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga fuskoki ɗaruruwa. "To, a ba Malam," ya ce. "Rijiyar masallaci ce, shi ya kamata ya buɗe ta."

Liman, bawan Allah, ya miƙo hannu. Mamuna ta janye ƙwaryar.

"A'a, Malam, gafarta. Shekara talatin ina auren mahaƙi, na san ƙa'idarsu. Yaro yakan kai wa maigidansa sau ɗaya, kuma ya kai, ni shaida ce, a gabana aka sha. Maigidan ya mutu. Yau babu wanda yake sama da Bawah a sana'ar nan, don haka babu wanda zai kai wa." Ta matso har ƙwaryar ta taɓa ƙirjinsa, ta rage murya. "Mijina ya tambaye ka ruwan wa ka ba shi, ba ka amsa ba. Habsa ma ba ta samu amsa ba. Ko ka amsa yanzu a gaban jama'a, ko ka sha."

A wannan lokaci ƙofar tuba a buɗe take. Yana tsaye a harabar ɗakin Allah, ga liman, ga Musulmi. Da ya faɗi ƙasa ya ce na yi shirka, na kashe rayuka, ku cike rijiyoyin nan, da ya sha kunya da hukuncin duniya, amma wa ya san iyakar rahamar Ubangiji? Bakinsa ma ya buɗe. Sai wani daga bayan taro, wanda bai san komai ba, ya ɗaga murya cikin raha: "Ei, Mai Salga yana tsoron ruwansa ne?" Dariya ta fara tashi, irin ta ranar nan, daga baya tana matsowa gaba.

Bawah ya fizge ƙwaryar, ya shanye tas. Gishiri-gishiri take, kamar hawaye.

Ba a yi naɗin ba. Tun kafin la'asar aka gan shi ya kifa kai cikin randar masallaci. Kwanaki yana bin rijiyoyinsa gida-gida, yana sha har cikinsa ya kumbura, yana tashi da kukan ƙishirwa, yana kiran sunayen mutanen da babu wanda ya san su a Zango, yana roƙonsu su rage masa. Da bakinsa, a tsakiyar titi, ya faɗi duk abin da ya ƙi faɗa a masallaci, amma a lokacin hankali ya riga ya tafi, magana ce kawai take zuba. A rana ta tara aka ga an ture katakon da aka rufe tsohon raminsa na tudun Moshi Zango da shi. Aka zura fitila. Yana can ƙasa, a gaba ta goma sha huɗu, a kife kan baƙin dutse, faratansa sun ƙare wajen tono, bakinsa cike da ƙura.

A ranar rijiyoyinsa duka suka ƙafe. Mahaƙan da suka shiga dubawa sun iske marmara a bushe, tana tashi da ƙura, kamar ruwa bai taɓa ratsa ta ba. Aka cike su ɗaya bayan ɗaya. Ta masallaci ce kaɗai liman ya ce a ci gaba da haƙa da sunan Allah. Aka wuce marmara, aka wuce yumɓu, aka yi mako biyar, a gaba ta goma aka iske ruwa cikin ruɓaɓɓen dutse, mai ɗanɗanon ƙarfe-ƙarfe. Mahaƙin ya sha a gaban kowa.

Mamuna ta ɗauki Safura ta riƙe har ƙarshen ranta, tana yi mata wanka tana ba ta abinci a baki. Ba a taɓa jin ta yi alfahari da abin da ya faru ba. Ta ce ta san abin da ke cikin ƙwaryar sa'ad da ta miƙa, kuma ita ma za a tambaye ta. Ta mutu tana istigfari.

Ku da kuke gaggawar arziki, ku ji. Allah ya ajiye wa kowa ruwansa a zurfin da ya ga dama, wani a gaba huɗu, wani a goma sha huɗu, wani kuma sai ya bar tudun ya sauka gangare. Duk wanda ya ce zai ba ku shi a gaba biyar, ku tambaye shi daga jikin wa zai ɗebo. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Bawah ya ɗauka nasa gajere ne, gaba biyar kacal, ya manta yana da wani mai goma sha huɗu yana jiransa.